Hubert Ogunde da Wasan Waƙa na Yarbawa: Nazari a Kan Mai Wasa da Ubangidansa

Duk wanda ya zauna ya yi nazarin sha'anin makaɗa da mawaƙa a ƙasashenmu, tun daga na fada har zuwa na kasuwa, ba zai daɗe ba sai ya tarar da wata mas'ala guda wadda sauran mas'aloli suke rataye a kanta, ita ce mas'alar ubangida, watau wane ne ke ciyad da mai fasaha, domin magabata sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Makaɗin da sarki ya ba shi doki da riga da gida, kome zurfin hikimarsa, akwai iyakar da harshensa ba ya ƙetarewa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu duba rayuwar wani mutumin ƙasar Yarbawa, Hubert Ogunde, wanda ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana tsara wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, yana fitowa a ciki, yana kuma shugabantar ƙungiyarsa, alhali ba shi da wani ubangida sai talakan da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya a bakin ƙofa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ƙarfin wannan fanni da rauninsa duka daga wannan asali suka fito.

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin gidan da koguna biyu suka haɗu: mahaifinsa malamin majami'a ne, kakansa na wajen uwa kuwa mai duba ne na Ifa, irin waɗanda Yarbawa ke kira babalawo. Saboda haka yaron ya tashi yana jin waƙoƙin majami'a da kunne ɗaya, yana jin kirarin gargajiya da ganguna da ɗaya kunnen, bai kuwa taɓa ɗaukar cewa wajibi ne ya jefad da ɗaya domin ya riƙe ɗaya ba. A ƙasarsu akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta 'yan wasa masu yawo gari gari, waɗanda ake kira Alarinjo, asalinsu daga dodannin egungun ne na tsohuwar daular Oyo, sukan sauka a dandali su yi tsalle-tsalle da rawa, su kwaikwayi baƙo da mashayi da mai rowa, jama'a na dariya suna jefa musu abin da ya sawwaƙa. Wannan ce makarantarsa ta farko. Ta biyu kuwa ita ce aikin koyarwa da ya yi yana saurayi, inda ya zama mai kaɗa molon majami'a, ya san yadda ake haɗa muryoyi a jera su bisa ƙa'ida. A shekarar 1941 ya shiga aikin ɗan sanda, aikin da ya kai shi Ikko.

A can ne, cikin 1944, wata majami'a ta 'yan Aladura da ke Ebute Metta ta nemi ya tsara mata wasa domin tara kuɗi, shi kuwa ya ɗauki ƙissar Annabi Adamu da Hauwa'u kamar yadda take a littafinsu, ya mai da ita waƙa tun daga farko har ƙarshe, aka nuna a babban ɗakin taro na Glover. Irin wannan wasa ba sabon abu ba ne a majami'un Ikko, amma kafin shi mawaƙa kan tsaya ne a jere kamar an dasa su, suna rerawa suna ɗan rangaji. Bidi'ar da Ogunde ya kawo ita ce ya sake su, ya sa kowa ya taka, ya yi fushi, ya yi kuka, ya yi rawa gwargwadon abin da labari ya ƙunsa, ganga tana amsa musu. Da ya ga yadda jama'a suka karɓa, bai daɗe ba ya tuɓe kakin ɗan sanda, ya bar albashi tabbatacce, ya kafa ƙungiyar da ya sa wa suna African Music Research Party, wadda masana ke lissafa ta a matsayin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta farko a Nijeriya ta zamani da 'ya'yanta ba su da wata sana'a sai wasan.

Ya kamata mu tsaya a nan mu ga yadda sana'ar take a zahiri, domin wanda bai san wahalarta ba ba zai gane hikimarta ba. Babbar mota ce guda, an labta mata akwatunan tufafi da labule da fitilu da ganguna, 'yan wasa na zaune a kan kaya, ana tafe daga Badun zuwa Abekuta, daga nan a haye har Jos da Kano da sauran garuruwan da Yarbawa ke zaune a sabon gari, wani zubin ma har Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. In an sauka, kafin a wanke ƙurar hanya, sai a manna takardun sanarwa a bango, a zaga gari da mota ana kiɗa domin kowa ya san baƙi sun iso. Da magariba ta yi a kunna fitilu a ɗakin taro ko na makaranta, a tsaya a ƙofa ana karɓar kuɗi. Ba a fara labari kai tsaye, sai an buɗe da waƙar share fage da rawa mai zafi, wadda aikinta biyu ne: ta jawo na waje su shigo, ta kuma kwantad da hayaniyar na ciki. Kuɗin da aka tara a wannan dare shi ne man mota na gobe, shi ne tuwon 'yan wasa, shi ne kuma alƙalin da ke yanke hukunci a kan wasan, domin in jama'a ba su gamsu ba, labari kan riga mota isa gari na gaba.

Daga wannan hali ne siffar shugaban irin wannan ƙungiya ta fito, wadda ta sha bamban da abin da aka saba a gidajen wasa na Turai, inda marubuci daban, mai tsara kiɗa daban, mai horad da 'yan wasa daban, mai zuba jari kuma daban. Ogunde shi kaɗai ya ɗauki waɗannan nauyaye duka, ga shi kuma shi ne babban ɗan wasa, mai fitowa a sarki ko a jarumi, mai jan baitin da sauran za su amsa. Galibi ba a rubuta zance kalma kalma. Shugaba kan shimfiɗa ƙashin labari, ya tsai da waƙoƙi daram, sa'an nan ya bar 'yan wasa su cika tsakani da bakinsu, ana gyarawa dare bayan dare bisa ga inda aka ji dariya da inda aka ji shiru. Harshen Yarbanci kuwa, da yake mai hawa da sauka ne kamar namu, gangarsu mai kama da kalangu tana iya faɗin magana sarai, har ta yi habaicin da ɗan wasa bai furta ba. Wata wahala babba ita ce ta mata, domin a wancan zamani iyaye ba su yarda 'yarsu ta bi motar 'yan wasa ba, ko da ya yi cigiya a jarida da alkawarin albashi. Maganin da ya samo shi ne ya auri da yawa daga cikin matan ƙungiyarsa, har ƙungiya ta zama gida, gida ya zama ƙungiya. Mai nazari na iya ganin dabara a cikin wannan, yana kuma iya ganin yadda ikon maigida da ikon mai biyan albashi suka taru a hannu ɗaya, abin da ba ya rasa nasa zalunci.

To, da yake talaka ne ubangidansa, dole abin da ke damun talaka ya zama abin da ke bakinsa. A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana arba'in saboda tsadar rayuwar da yaƙin duniya ya jawo, Ogunde ya mai da shi wasa mai suna Strike and Hunger, watau yajin aiki da yunwa, wanda ya jawo masa tsangwamar 'yan sanda da gurfana gaban shari'a a Jos cikin 1946. A watan Nuwamba na 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21, shi kuwa ya fito da Bread and Bullet, watau burodi da harsashi, wanda hukuma ta hana nuna shi a Kano a 1951. Abin lura a nan shi ne, jarida sai wanda ya yi makaranta ke karanta ta, amma waƙa ba ta neman takardar shaida. Dako da mai sayad da ƙosai duk sukan fita daga ɗakin wasa da ita a baki, gobe a ji ta a kasuwa. Haƙiƙa wannan ne ya sa masu mulki suka fi tsoron mota guda ta 'yan wasa bisa ga dogon sharhi na masu ilmi.

Da a ce bakinsa a kan Turawa kaɗai ya tsaya, da sai mu ce kishin ƙasa ne irin wanda kowa ke yi a lokacin. Amma jarrabawa ta gaskiya ta zo ne bayan samun mulkin kai, sa'ad da rikici ya raba Cif Obafemi Awolowo da mataimakinsa a jam'iyya Cif Ladoke Akintola, aka ɗaure na farko a 1963, na biyu yana Firimiyan Jihar Yamma. A 1964 Ogunde ya nuna Yoruba Ronu, ma'ana Yarbawa ku yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba, ya kuwa nuna shi a Badun a gaban Firimiya da mutanensa, waɗanda suka gane inda aka dosa suka tashi suka fita. Aka haramta wa ƙungiyarsa yin wasa a Jihar Yamma duka, watau aka raba shi da kasuwarsa mafi girma. Amsar da ya bayar wani wasa ne, Otito Koro, wanda ma'anarsa daidai take da karin maganarmu, gaskiya ɗaci gare ta. Takunkumin bai tashi ba sai a 1966, a hannun gwamnan soja Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi. Shekara guda bayan haka ƙungiyar da aka hana wasa a gida ita ce ta wakilci Nijeriya a babban bajekolin duniya na Montreal a ƙasar Kanada.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin ubangidan nan mai kai dubu, watau jama'ar da ke biya a ƙofa, shi ma yana da nasa hukunci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bayan tafiyarsa Ingila a 1947, inda ya koyo wasu salon rawa na Turawa, da kuma ganin yadda 'yan wasan Gwalkwas ke jan jama'a, sai ya shigo da kayan busa na zamani da raye-rayen birni, ya rage waƙa ya ƙara zance, wani lokaci har da gaurayen Turanci, don ya sami masu kallo a inda ba a jin Yarbanci. Masu son tsantsar gargajiya sun ga wannan a matsayin sassauci, sukan kuma fifita Duro Ladipo, mai wasan Oba Koso, wajen zurfin tarihi da nauyin kiɗa, ko Kola Ogunmola wajen ƙwarewar kwaikwayo. Amma waɗannan duka a kan hanyar da ya share suka bi, su da ƙungiyoyi fiye da ɗari da suka cika hanyoyin ƙasar Yarbawa kafin 1980. Shi dai bai taɓa ɓoye cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya ba.

Wannan biyayya ga mai kallo ita ce a ƙarshe ta fitad da fannin daga kan dandamali. Tun da aka buɗe gidan talabijin na Badun a 1959 jama'a suka fara saba wa kallon wasa suna zaune a gida, da majigi ya zo kuwa sai Ogunde ya bi su can: ya yi Aiye a 1979 tare da mai shirya fim Ola Balogun, sa'an nan Jaiyesimi, da Aropin N'tenia, da Ayanmo, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a mahaifarsa Ososa. Mota ta ci gaba da yawo gari gari, amma yanzu faifan majigi take ɗauke da shi maimakon mawaƙa da makaɗa, abin da ya kasance sabo a kowane dare ya zama abu guda daskararre. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, majigin ma ya gagara, almajiransa suka koma kaset na bidiyo, wanda daga gare shi ne kasuwar finafinan kudu ta yau ta sami wani babban reshe nata.

A wannan shekara ta 1986 ne gwamnatin tarayya ta kira shi ya kafa mata ƙungiyar wasa ta ƙasa, watau mutumin da hukuma biyu suka toshe wa baki ya zama bakin hukuma a wajen baƙi, lokacin da tsufa ya zo, mai biya a ƙofa kuma ya riga ya koma gida ya kunna akwatinsa. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ta kasance a cikin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a arewacin Nijeriya, yankin da aka taɓa kai shi gaban alƙali saboda waƙa, ya kuwa rasu a Landan ran 4 ga Afrilu, 1990. Ya bar wasanni fiye da hamsin, amma da yake yawancinsu a ƙirjin 'yan wasa suke ba a takarda ba, abin da ya rage a hannun mai nazari sai waƙoƙin da aka ɗauka a faifai, da hotuna, da tsofaffin da har yanzu in an ambaci Yoruba Ronu sukan iya faɗin ɗakin da suka gan shi da nawa suka biya a ƙofa.