Mai Goge da Kwayamasta: Yadda Ake Renon Makaɗi a Kafanchan

A ƙasashen Turai, wanda ya ƙware a gogen Turawa yakan hau matakai uku a rayuwarsa. Da fari shi makaɗi ne da ake sayen tikiti don a saurare shi, daga baya ya zama malami, in an yi sa'a kuma ya riƙe sandar jagorancin babbar ƙungiyar makaɗa. Haka Yehudi Menuhin ya yi. An haife shi a New York a 1916, ya yi suna tun yana yaro, ya buɗe makarantar kiɗa a Ingila a 1963, kuma har ya rasu a 1999 yana jagorantar makaɗa. A ƙasar Hausa, uban kiɗan goge yakan haɗa ayyukan nan uku a zama guda, kan tabarma guda.

Shi dai goge ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsagiyar doki ta bi ta kan ɗan katakon da ake kira jaki. Abin gogawar ma tsagiya ce a jikin lanƙwasasshen baka. Kafin a fara, mai goge zai shafa ƙaro har tsagiyar ta kama, in da sanyi ko raɓa ya ɗan kanga fatar a wuta don muryar ta washe. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, na Hausa ɗaya tak, kuma yatsu ba sa danne ta a jikin sanda, taɓa ta kawai suke yi daga gefe. Duk da haka gwani yakan sa shi ya bi hawa da saukar harshen Hausa, har mai sauraro ya tsinci kirarinsa ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Jagorancin ma a hannunsa yake. 'Yan ƙwarya na zaune a gefensa da 'yan sandunansu, 'yan amshi na jira, sanƙira na kai da komo yana shelar wanda ya yi kyauta. Babu takarda, babu sandar nuni. Jan baka ɗaya mai tsawo, ko ɗaga gira, ya isa a san za a sauya take ko a ƙara wuta. A fagen bori aikin ya fi nauyi, don kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, kuma mai goge ne zai lura da wanda ya hau ya san abin da zai kaɗa masa.

Makarantar kuwa ita ce bin ubangida. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koma kan ƙwarya, ya daɗe yana amshi, sai kunnensa ya nuna kafin a bar shi ya taɓa gogen. Ranar da aka sallame shi, ya riga ya san kiɗan, ya san mutane da asalinsu, ya kuma san yadda ake raba kuɗin fage ba tare da rigima ba.

Sai dai sana'ar ta daɗe da tabo. Tun jihadin 1804 malamai ke ƙyamar goge saboda alaƙarsa da bori da taron maza da mata, shi ya sa bai samu gindin zama a fadojin daular Sakkwato ba kamar tambari da kakaki da algaita. Inda ya sha iska shi ne bariki, wato sababbin garuruwan da jirgin ƙasa da haƙar kuza da cinikin auduga suka tara wa baƙi. Mai goge Garba Liyo ya yi tashensa daga Funtuwa. Ƙanen goge, kukuma, ya fito da su Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Ahmadu Doka, gidan rediyon Kaduna kuma ya kai muryoyinsu ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba.

Kafanchan irin waɗannan garuruwa ne. A 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna ta nan, reshe kuma ya haura Jos, sannan a 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin. Ma'aikatan jirgi Ibo da Yarabawa, fatake Hausawa, da 'yan ƙasa Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok duk suka haɗu a tasha ɗaya, Hausa ta zama harshen ciniki da hira. Gari mai albashin ƙarshen wata da baƙi masu kewar gida, kasuwa ce ga makaɗi.

A daidai wannan zamani wata makarantar kiɗa ta daban tana kafuwa a yankin. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi tun 1910, suka bazu zuwa Kagoro, aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, cocin ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Da coci aka samu ƙungiyar mawaƙa, da ƙungiyar mawaƙa aka samu kwayamasta. Shi ne mutumin da ya fi kama da jagoran makaɗan Turai a kudancin Kaduna. Da yamma a tsakiyar mako za ka gan shi gaban allo da alli, ya rubuta do, re, mi, ya raba mawaƙa murya huɗu, ya sa masu siririyar murya su maimaita layi ɗaya har ya zauna, sannan ya juya ga maza masu kauri. Ranar Lahadi ya tsaya gabansu yana sara iska da hannu. Zumuntar Mata ta coci kuma ta shigo da nata salo: tulun da ake bugun bakinsa, da caki, da waƙar bayarwa da amshi cikin Hausa da Tyap da Jju da Hyam.

Nan ne hanyoyin biyu suka rabu. Kwayamasta yana da ɗaki, da ranar gwaji, da littafin waƙoƙi, da tarukan da ƙungiyoyi ke gwada ƙwanji, ga yara na tasowa a bayansa kowace shekara. Mai goge ba shi da makarantar da ta wuce fagensa. Da jirgin ƙasa ya durƙushe, rikice-rikicen da suka faro daga 1987 suka rage yawon dare a Kafanchan, wa'azi ya ƙara matsa wa bori lamba, masu biki suka koma ga fiyano da na'urar sauti, fagen ya tsuke. Yaron da zai bi ubangida shekara da shekaru ya ga babu abin da zai ci a ciki.

A wasu wuraren goge bai gamu da wannan ƙaddara ba. A ƙasar Yarabawa, Yusuf Olatunji ya riƙe shi a kiɗan sakara har rasuwarsa a 1978, faya-fayansa na nan ana saurare. A Dagomba ta arewacin Gana, gogen kayan fada ne da ake gado gida-gida, ana kaɗa wa sarkinsu Ya Na a Yendi, Jami'ar Gana da ke Legon ma ta ɗauki gwaninsa, Salisu Mahama, ya koyar da ɗalibai. Binciken Jacqueline DjeDje da ya fito a 2008 ya jera al'adun gogen Fulani da Hausawa da Dagomba, ya nuna yadda matsayin makaɗin ya bambanta daga wannan al'umma zuwa waccan. Kudancin Kaduna na da kwalejin ilimi a Gidan Waya da reshen jami'ar jiha a Kafanchan, ga bukukuwa irin su Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham na Kwoi, waɗanda ke tara dubban masu kallo. Kowace daga cikin makarantun nan biyu za ta iya ba tsohon mai goge aji da albashi, kamar yadda Legon ta yi wa Salisu Mahama.