Baƙar kyanwar Edgar Poe: wa ya kamata a tuhuma?

Duk shekara, idan watan Oktoba ya kama, gidajen da ke tsugunar da dabbobi marasa galihu a Amurka da Ingila da Faransa sukan ta da kuka iri ɗaya, wai baƙar kyanwa ta fi sauran daɗewa a keji kafin a sami mai ɗaukarta. Wasu gidajen a Amurka har dakatar da bayar da ita suke yi gab da bikin Halowin na 31 ga Oktoba, don gudun a cuce ta. A Ingila kuwa, tun 2011 ƙungiyar Cats Protection ta keɓe mata ranar 27 ga watan. Camfi ake ɗora wa laifi, kuma cikin abubuwan da ake zargi da rura shi har da gajeren labarin nan na marubucin Amurka Edgar Poe, wanda ya fito a 1843, Baudelaire ya juya shi Faransanci da sunan «Le Chat noir».

Wannan zargi bai yi wa labarin adalci ba. Mai ba da labarin mashayi ne da ke jiran kisa a kurkuku. Shi ya ƙwaƙule idon kyanwarsa Pluto da ƴar wuƙa, shi ya rataye ta a reshen itace, shi ya sari matarsa da gatari ya gine gawar cikin bango. Maganar cewa baƙar kyanwa mayya ce sau ɗaya ta fito, a bakin matar, kuma mijin da kansa ya shaida ba da gaske take faɗa ba. Kyanwa ta biyu, wadda ya tsinto a mashaya, ba ta yi kome ba illa kuka daga cikin bangon, kukan da ya tona asirinsa gaban ƴan sanda. Ke nan shaida ce, kuma duk muguntar da aka jingina mata daga bakin mai kisan ta fito.

Sai dai Poe ma da nasa alhakin. Farin tabon ƙirjin kyanwar da ya rikiɗa siffar wurin rataya, da hoton Pluto a bangon gidan da ya ƙone, ado ne na tsoratarwa, kuma shi ke saura a zuciyar mai karatu bayan ya manta da giyar. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya taso yana jin cewa baƙar kyanwar dare ba kyanwa ba ce zai ɗauki labarin tabbaci, muddin malami bai tsayar da shi ya tambaye shi wanda ke magana ba.

Su ma gidajen dabbobi sun cika gaggawar yanke hukunci. Baƙaƙen sun fi yawa tun a ƙofar shiga. Fuskarsu kuma ba ta fita sosai a hoto, alhali da hoto a intanet ake zaɓen dabba yau. Ga Ingila ma, inda al'ada ta ɗauki baƙar kyanwa alamar sa'a har akan sa hotonta a katin biki, amma kukan gidajen can bai bambanta da na Amurka ba.