Jinjina ga Matasan Shagunan Intanet na Parakou da Djougou

Tun bayan rajistar jama'a ta RAVIP da aka fara a 2017, bayanan mutanen Benin sun koma cikin rumbun kwamfuta na hukumar ANIP, kowa da lambarsa ta NPI. Da wannan lamba ake ciro takardar haihuwa ta intanet. Rumbun yana da jerin sunaye da lambobi da aka tsara tun farko, shi yake dubawa, shi ya sa amsa ke fitowa nan take. Sai dai abin da ka rubuta masa kawai yake nema. Dattijon da ya san kansa da Usman, an rubuta shi Ousmane da rubutun Faransanci, harafi ɗaya ya kauce sai a ce babu shi.

Nan ne matasan shagunan intanet suka cancanci yabo. Ɗan kasuwa zai taso daga kasuwar Arzeke ta Parakou, ko tsohuwa daga wata unguwar Djougou, matasan su saurare su da Hausa ko Dendi. Su gwada wannan rubutu, su gwada wancan, su haɗa da ranar haihuwa, "Baba, ƙara haƙuri," har takardar ta fito. Haƙurin nan ya fi ɗan kuɗin da suke karɓa daraja. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.