Wane Mudu Ake Auna Arzikin Ɗan Ci-Rani Da Shi?

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce na karanta littafin Streets of Gold na 2022, wanda masana tattalin arziki biyu, Ran Abramitzky da Leah Boustan, suka rubuta a kan baƙin da suka shiga Amurka neman abinci. Sun bi takardun ƙidayar jama'a na sama da shekara ɗari, suka haɗa da bayanan haraji na wannan zamani, suna bin sawun uba da ɗansa. Abin da suka gano shi ne, baƙon da ya zo da talauci ba kasafai yake kamo ɗan ƙasa ba a rayuwarsa, amma 'ya'yansa sukan zarce 'ya'yan talakawan da iyayensu haifaffun Amurka ne. Babban dalili, in ji su, baƙo yakan sauka ne a garin da ake samu, ɗan ƙasa kuwa dangi da gado sun riƙe shi a inda aka haife shi.

Aikin ya yi kyau, ban raina shi ba. Sai dai ina da ja a kan mudun da suka yi awo da shi, domin duk arzikin da suke aunawa na cikin Amurka ne.

A dubi littafin Paul Stoller na 2002, Money Has No Smell, wanda ya bi 'yan tireda daga Afirka ta Yamma, har da Hausawa da Zabarmawan Nijar, a unguwar Harlem ta birnin New York. A 1994 hukumar birnin ta tashe su daga titi na 125, wasu suka koma kasuwar titi na 116. Da yawansu sun bar mata da 'ya'ya a gida, suna kwana da yawa a ɗaki ɗaya don su tara abin aikawa. Irin wannan mutum, idan ma ya fito a takardar haraji, matalauci zai fito. Ɗansa kuwa ba zai fito ba sam, don yana Maraɗi ko Yamai. Gidan da ya gina, da ƙannen da ya aurar, da mahaifiyar da ya biya wa kujerar Makka, duk ba su shiga lissafi ba. Haka nan bashin da ya ci kafin ya taho, da shekarun da 'ya'yansa suka tashi ba uba a gida.

Shi ma Stoller yana da nasa giɓin: ya san mutanensa ciki da bai, amma 'yan kaɗan ne, ba a yanke hukunci a kan al'umma da su.

To wa zai haɗa biyun? Mu ne muke jin harshen, mu ake buɗe wa ƙofa a Harlem da Maraɗi. Wanda ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai, ga shi nan. Allah Ya sa mu dace.