Jinjina ga Masu Nemo wa Hanya Mabi a Taswira

Kafin katafila ta fara tona ƙasa domin titi ko bututun ruwa, akwai wanda ya daɗe gaban kwamfuta yana neman inda aikin zai bi. Ire-irensa nake yi wa jinjina.

Taswirarsu a yanke take gida-gida kamar dara. Idan bayanan tudu da kwarin ƙasa na SRTM ne, waɗanda kumbon Endeavour ya tattaro a 2000, kowane gida kusan mita 30 ne a ƙasa. Mai aikin zai sa wa kowane gida farashi: shimfiɗaɗɗen fili da arha, hawan dutse da tsada, fadama ta fi su duka. Sai manhajar GRASS GIS, ta umarnin r.cost, ta tara farashin daga mafari zuwa ko'ina, sannan a biyo baya a fito da layin da ya fi sauƙi. Tushen lissafin dabarar Edsger Dijkstra ce, ɗan ƙasar Holan, wadda ya wallafa a 1959.

A ganina, gwanintar tana wajen sa farashin nan. Kwamfuta ba ta san maƙabarta ba, ba ta san gonar gado ko burtalin shanu ba. Mutum ne ke ɗora wa wuraren nan lamba mai tsada har layin ya kauce musu, ko da hanyar za ta ƙara tsawo. Nagartattun cikinsu kuma sukan tafi dajin da ƙafarsu, su tambayi manoma inda ruwa ke kwanciya da damina, su dawo su gyara lambobin.