Gwanintar Karanta Littafin Matafiyi

Ba kowa ne ke iya ɗaukar littafin matafiyi ya tace tarihi daga cikinsa ba, kuma masu wannan gwaninta suna burge ni ƙwarai. A ƙasar Jos aikin ya fi wuya, domin Turawan ƙarni na 19 gefen tsaunin suka bi. Bajamushe Eduard Vogel ya isa Bauchi a 1855, Gerhard Rohlfs ya biyo a 1867, daga nan ya nufi Keffi. Labarin mutanen kan dutse kuwa, yawancinsa a bakin fatake da tafintoci da fadawa suka ji shi.

Don haka gwanin yakan tsaya a kan kowace jimla ya tambaya: wannan ido ne ya gani, ko kunne ya ji? Wa ya ba da labarin, kuma me ke tsakaninsa da mutanen da yake siffantawa? Bafaden da sarkinsa ya kai wa wani gari yaƙi ba zai yabi garin ba. Sai gwanin ya ƙirga zango-zango, ya auna tafiyar yini a kan taswira, sannan ya ɗauki abin da ya samu ya je wurin dattawan Birom da Anaguta da Afizere ya ji nasu bakin.

Dubi zancen dalma. Tun kafin Turawa su fara haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, maƙeran garin Liruwen Dalma suna narka ta, su zuba a ramukan da siraran karare suka bari cikin ƙasa, ta fito tsinke-tsinke, fatake su yi kasuwa da ita. In matafiyi ya ambaci wannan haja ko da a layi ɗaya, gwanin zai bi ta har ya zana hanyar da ta haɗa tsaunin da ƙasar Hausa, ya gwada da kayan tarihi irin na gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a Jos a 1952.

A Indiya ma haka aka yi. Alexander Cunningham ya bi rubutun Xuanzang, ɗan Sin da ya zo neman ilimin addinin Buda a ƙarni na 7, wajen tantance kufan Nalanda. Matafiyi Ibn Battuta kuwa, wanda ya yi alƙalanci a Delhi, shi ne ya shaida mana cewa a 1353 ana kai tagullar Takedda Gobir da Borno.