Magana Jari Ce a Bakin Masu Karatu

Shahuci unguwa ce a cikin birnin Kano wadda ta daɗe da sabawa da littafi. A nan aka kafa Makarantar Shari'a a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma a makarantar elemantare ta nan Malam Aminu Kano ya fara karatun boko. Wurin da malamin zaure da ɗan boko ke gamuwa a kan hanya ɗaya, ba a rasa gardama a kan littattafai. Cikin littattafan Hausa kuwa da wuya a sami wanda ya sha bakin mutane kamar Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam.

An haifi Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta sa a 1933. Da Dokta East, shugaban hukumar, ya ga gwanintarsa, sai ya nemi a ba shi aronsa, ya zo Zariya a 1936 ya zauna kan wannan aiki. Littafi na farko ya fito a 1937, sauran biyun suka biyo baya kafin ƙarshen 1939. Sa'ad da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, duk wanda ya karɓi takardar shaida ya nemi abin karantawa, da wuya bai gamu da shi ba.

Masu kushe littafin sun kasu kashi uku. Na farko su ne waɗanda su ke cewa tatsuniya ce kurum, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce, bai kamata magidanci ya ƙona kananzirinsa a kanta ba. Na biyu suna son littafin ƙwarai, amma sai su ce zancen Aku da Musa da ke tsakanin labaru yana ɓata musu lokaci, saboda haka sukan tsallake shi su faɗa kan labarin Kalala da Kalalatu, ko na Sahoro da Sahorama, su yi dariya su rufe. Na uku su ne waɗanda suka ji cewa ba Imam ya ƙagi yawancin labarun ba, suka ce ashe kayan aro ne.

Duka ukun abu guda ya ɓace musu, watau zaren da aka ɗinke labarun da shi. A littafi na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana kwaɗayin sarauta, ya shirya makirci don yaron ya fito da dare a hallaka shi. Musa ya fara neman izini wurin macen aku, ta hana shi kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Da ya juyo kan Aku, sai Aku ya ƙi cewa a'a, ya ɗauko labari, bai sauke ba sai da gari ya waye. Haka ya riƙa yi kowane dare har Sarki ya komo. Gaskiyar da macen ta faɗa ita ce Aku ya faɗa, amma ita ta rasa ranta, shi kuwa ya tsirar da ɗan Sarki, ya sami wazirci. To, a nan ne sunan littafin ya ke.

Saboda haka wanda ya tsallake wannan zance ya yi kamar mai tsince nama ya zubar da romo. Kowane labari da dalilin da ya sa aka faɗe shi a wannan dare, domin akwai masu jira a bakin ƙofa, in labarin ya yi lami yaro ya fita, shi ke nan. Mai karatun da ya riƙe wannan a zuciyarsa zai ji labarin ban dariya ya yi masa nauyi, don ya san rai ne a kan gargara.

Wannan kuma shi ne amsar masu cewa tatsuniya ce. Abin da littafin ke koyarwa shi ne yadda na ƙasa zai gaya wa na sama abin da ba ya so ya ji, ba tare da ya yi ƙarya ko ya jawo wa kansa wuƙa ba. Magatakarda a gaban hakimi, da ɗa a gaban uba, da mace a gaban miji, kowa yana bukatar wannan ilmi. A littafi na biyu Aku ya kara da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a gasar ba da labari, a na uku kuwa ya zaunar da ɗansa Fasih yana horonsa. Watau magana ta fara da ceton rai, ta zama abin kare martabar gari, daga bisani ta zama gado.

Zancen aro kuwa gaskiya ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Akun da ke tsare mutum da labari har asuba ya fito ne daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila ya ke. Kalala da Kalalatu, da Sarkin Busa, asalinsu ƙasar Jamus. Amma maɗinki ba ya saƙa yadi, kuma ba a hana shi sunan rigar. Imam ya tuɓe wa labarun kayan ƙasarsu, ya sa musu rawani da zane, ya cika bakinsu da karin magana, har mutumin Kano ya karanta ya rantse ya san Kalala a unguwarsu.

Duk da haka masu sukar ba su rasa abin kamawa ba. Zaren ya fi ƙarfi a littafi na farko. A na biyu da na uku babu ran da ke cikin hatsari, saboda haka wani lokaci labarun sukan jeru kamar kaya a rumfa, mai karatu ya ɗauki wannan ya bar wancan bai yi hasara ba. Haka kuma mata sun sha kashi a cikinsa fiye da kima, sau da yawa ko makira ko wawiya, kuma mai karatu mace tana da hakkin ta yi ƙorafi.

Shawara ga wanda ya fito daga aji ita ce ya ɗauki littafi na farko daga bango zuwa bango, kada ya tsallake ko shafi guda. In da hali ya karanta a fili, iyali na saurare, labari ɗaya kowane dare. Ya tsaya inda Aku ya tsaya, ya tambayi masu sauraro dalilin da ya sa tsuntsun ya zaɓi wannan labari yau. Allah ya ji ƙan Imam, ya ƙara mana fahimta, amin.